Mai Ɗaki da Mai Ma'auni: Yadda Aka Fara Auna Gubar Arlit

Tun watan Yunin 2025 da gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar cewa kamfanin SOMAÏR ya koma hannun ƙasa, kusan duk fadar da ka zauna zancen ke nan: yuraniyom na wa ne, nawa Faransa ta ci, nawa aka bar mana. Na sha zama a irin wannan hira, kuma ban ƙi ta ba, domin tambaya ce da ta daɗe tana jiran amsa. Sai dai akwai wata tambayar da ban cika jin ana yi ba: dusar fa, ta wa ce? Idan aka yi surfe, mai hatsi ya kwashi tsabarsa ya tafi, dusa kuwa tana nan gindin turmi. A Arlit an yi shekara hamsin da ɗoriya ana surfa dutse, tsabar ta tafi ƙetare, dusar tana jibge a bayan gari. Abin da nake so in kawo a nan shi ne tarihin yadda mutanen garin suka fara sanin abin da ke cikin wannan dusa, da waɗanda suka taya su sani.

Ni ba ɗan Arlit ba ne. A Tawa na tashi, bakin kwaltar da ake kira hanyar yuraniyom. Muna yara mukan ga manyan motoci suna wucewa, wasu sun nufi arewa da kayan aiki, wasu sun gangaro da ganguna za su tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A kunnenmu Arlit gari ne na albashi da lantarki da asibiti kyauta, har ana yi mata kirari da Paris ta biyu. Adarawa da Gobirawa da Damagarawa sun yi ta kwarara can, wasu aikin rami, wasu kasuwanci, wasu ƙira da ɗinki, har Hausa ta zama harshen kasuwar garin, alhali ƙasar Abzinawa ce. A duk labaran da matafiya suka kawo mana a wancan zamani, ban tuna wanda ya ce akwai abin tsoro a cikin ƙurar garin ba.

Haƙar ma'adini ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masana da dama na ganin cewa Azelik, kusa da Tegidda, ita ce tsohuwar Takadda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ba da labarin tagullarta. Tagullar ce ma Faransawa suka bi sawu a 1957, sai suka ci karo da yuraniyom. Shekara uku bayan haka Nijar ta sami ƴancin kai, amma yarjejeniyar tsaro ta 1961 ta bai wa Faransa fifiko a kan irin waɗannan ma'adinai. A 1968 aka kafa SOMAÏR, wanda ya fara fitar da kaya a 1971 daga buɗaɗɗen rami. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978 a Akuta, shi kuwa a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin mita 250. Arlit da Akokan garuruwa ne da aka gina saboda ramukan nan biyu, a wurin da da can makiyaya kawai ke ratsawa, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Babban kamfanin Faransa da ya riƙe ragama a wancan lokaci ya sauya suna sau da dama: Cogema, sannan Areva, sannan Orano. Gwamnatin Nijar tana da nata kaso a kamfanonin biyu tun farko. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan bayyana abin da ake tsoro, don sau da yawa mukan ce “guba” mu wuce, ba tare da sanin yadda take ba. A tan guda na dutsen da aka haƙo, yuraniyom ɗin da ke ciki ƴan kiloli ne, da wuya su wuce biyar. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid irin na batir, a tace, a fitar da wani gari mai launin ɗorawa, shi ake zubawa a ganguna. Sauran duka, wato kusan tan ɗin gaba ɗaya, shi ne dusa. To amma yuraniyom ba shi kaɗai yake a cikin dutsen ba. Yana da ƴaƴa da jikoki, wato sinadaran da yake rikiɗa ya zama a hankali, irin su toriyom da radiyom, kuma kowannensu yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya shinshinawa, fata ba ta jin zafinsa. Masana'anta tana cire uban ne kawai, ta bar zuriyar. Shi ya sa kimanin kashi huɗu cikin biyar na tiririn dutsen yana nan cikin dusa. Radiyom kuma yana haifar da wata iska mai suna radon, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin manyan abubuwan da ke kawo sankarar huhu, bayan taba. Cutar ba ta fitowa yau ko gobe. Takan ɗauki shekara goma, ashirin, ko fiye, lokacin da mutum ya riga ya yi ritaya ya koma ƙauyensu.

Wannan jinkiri shi ne ya sa al'amarin ya daɗe a matsayin raɗe-raɗi. Tsofaffin ma'aikata sun ba da shaida daga baya cewa a shekarun farko ba a faɗa musu haɗarin aikin ba, cewa sukan koma gida da kayan aikinsu matansu su wanke. Tsofaffin ƙarafa da bututu da ke fitowa daga ma'aikatun sukan ƙare a kasuwa, kuma kowa ya san maƙerinmu ba ya barin ƙarfe ya lalace: wannan ya zama ƙofa, wancan azara, wani kayan girki. Duwatsun da aka ware daga rami a matsayin marasa amfani aka yi cikon hanyoyi da su. Mutane suna ganin abokan aikinsu na tari, suna ramewa, suna mutuwa. Amma da me za ka kafa hujja? Mutuwa kowa nata ne, tari kuma akwai shi a ko'ina cikin hamada. Asibitoci biyu mafi kyau a garin a lokacin na kamfanonin ne, kuma matsayin kamfanin na tsawon shekaru shi ne ba a ga ciwon da za a ce aikin ne ya jawo shi ba. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma idan mai haya ne kuma mai gidan ya ce rufinsa lafiya lau, sai an sami wanda zai hau sama ya duba.

A farkon shekarun 2000 wani ma'aikaci Ba'abzine mai suna Almoustapha Alhacen, wanda ya shiga aikin ma'adinin tun ƙarshen shekarun 1970, ya haɗu da wasu ƴan gari suka kafa ƙungiya mai suna Aghir in'Man. Da harshen Tamashek sunan yana nufin garkuwar rai. Abin da ya bambanta su da sauran masu koke shi ne sun gane cewa kuka ba lissafi ba ya ratsa ofis. A 2002 suka nemi taimakon wata cibiya da ke garin Valence a Faransa, mai suna CRIIRAD. Ina yawan tunanin wannan mataki. Mutum yana cin albashin kamfani, iyalinsa na zaune a garin kamfani, suna shan ruwan da kamfani ke bayarwa, amma ya rubuta wa baƙi ya ce ku zo ku auna. Wanda bai taɓa zama a garin da mai ba da aiki ɗaya ne tak ba, ba zai san nauyin wannan ba.

Su ma waɗanda aka rubuta wa ɗin suna da nasu tarihin. An kafa CRIIRAD a 1986, bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl, lokacin da wasu Faransawa suka ƙi yarda da bayanin hukumominsu game da yawan tiririn da ya sauka a ƙasarsu. Suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗakin gwaje-gwaje na kansu, wanda ba ya ƙarƙashin gwamnati ko kamfani. Wato su ma asalinsu ƴan gari ne da aka ce musu ba komai, suka ce bari mu gani. Ina jin wannan ne ya sa kiran Arlit bai zo musu a matsayin baƙon abu ba.

A watan Disambar 2003 injiniyan cibiyar, Bruno Chareyron, ya sauka Yamai tare da wakilan Sherpa, wata ƙungiyar lauyoyi ta Faransa. A filin jirgi aka riƙe manyan na'urorinsu na awo. Abin da ya rage musu shi ne ƙaramin ma'aunin tiriri irin wanda ake sawa a aljihu, wanda ke yin ƙaf-ƙaf idan ya ji tiriri, ƙarar tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfinsa. Da shi suka tafi Arlit, kuma da shi suka gano ƙarafa masu tiriri a kasuwar garin, ana sayar da su kamar kowane tsohon ƙarfe.

A nan nake so in daɗe kaɗan, don a ganina nan ne zuciyar labarin. Baƙon da ya zo da ƙaramar na'ura, yana da ƴan kwanaki, a gari mai dubban gidaje, ina zai dosa? In shi kaɗai ne, zai iya yini yana yawo bai ji komai ba, ya koma ƙasarsu ya rubuta cewa lafiya lau. Wanda ya san wace rumfa ce ke sayen ƙarafan da suka fito daga masana'anta, wane layi aka yi wa ciko da duwatsun rami, wace rijiya ce ke bai wa wace unguwa ruwa, shi ne ɗan gari, musamman ma'aikacin da ya ga bututun lokacin da yake cikin injin. Shi kuma ɗan garin, in ya nuna bututun ya ce wannan mugu ne, za a ce masa ina shaida. Kowannensu rabin ilimin yake riƙe da shi. Abin da ya fi burge ni da ƙaramar na'urar nan shi ne ba ta buƙatar tafinta. Har yau ba mu da kalma guda da kowa ya yarda da ita a Hausa don wannan abu, ni kaina “tiriri” na aro don ban sami wadda ta fi ta ba. Amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkol ba, in ta ji ƙaf-ƙaf ɗin ya haukace a kan ƙarfen da ke tsakar gidanta, ta gama fahimta.

Ruwa kuwa ya fi ƙarfin ma'aunin aljihu, sai da aka kai samfur ɗakin gwaji a Faransa. Ruwan Arlit daga ƙarƙashin ƙasa yake, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da hamada ke da damina, kuma ba ya sabuntuwa sai kaɗan. Sakamakon da CRIIRAD ta fitar a 2005 ya nuna cewa tiririn da ke cikin wasu samfuran ruwan sha ya zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga baya aka daina shan ruwan wasu rijiyoyin.

Sai dai abin da na fi ɗauka da muhimmanci a cikin abin da baƙin nan suka yi ba rahoton ba ne. Sun bar ma'auni a hannun ƴan ƙungiyar, suka koya musu yadda ake awo, yadda ake rubuta wuri da rana, yadda ake ɗaukar samfur ba tare da an gurɓata shi ba. Mun saba ganin masu bincike su zo, su cika littafinsu da amsoshinmu, su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu sai sunansu a bangon littafi. Wannan karon aikin bai tafi da jirgi ba. A 2007 aka gano duwatsu masu tiriri a kan titi a Akokan, daf da asibitin COMINAK, ƙarfinsu ya kai ninki ɗari na abin da aka saba samu a wurin. Aka sanar da kamfani da hukuma, aka ce an gyara. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta yi aiki tare da ƴan gari da CRIIRAD, ta sake auna titunan Akokan, ta sami wurin da tiririn ya kai kusan ninki 500. A cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗauka a yankin Arlit, huɗu sun zarce ƙa'idar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Rahotonta ya fito a watan Mayun 2010. Bayan wannan ne aka kwashe cikon wuraren da aka nuna, aka kuma shiga bin titunan garuruwan biyu ana aunawa ɗaya bayan ɗaya.

Adalci ya sa in faɗi abin da kamfanin ke cewa. Matsayinsa shi ne yana bin ƙa'idojin duniya, tiririn da ke isa ga mazauna gari bai wuce iyakar da doka ta yanke ba, kuma ya kashe kuɗi mai yawa a kan asibitoci da ruwa da makarantu, waɗanda har wanda ba ma'aikaci ba yana amfana. Akwai gaskiya a batun asibitocin, mutanen yankin da yawa sun sha magani a can. Amma matsakaicin lissafi na gari guda ba ya gaya maka halin yaron da ke wasa kullum a kan tudun cikon da ke ƙofar gidansu. Wurin ɗaya ɗin nan sai an je an tsaya a kansa.

Labarin bai tsaya a Nijar ba. A Munana ta ƙasar Gabon, inda wani kamfanin da ke ƙarƙashin Faransawan ya haƙi yuraniyom daga 1961 zuwa 1999, tsofaffin ma'aikata sun ji abin da ake yi a Arlit, su ma suka kafa tasu ƙungiyar a 2005, suka nemi Sherpa da CRIIRAD. A can ma an tarar da gidajen da aka gina da kayan da ke da tiriri, har daga baya aka rushe su aka sake gini.

To, wannan ɓangaren da aka ci nasara ke nan: an auna ƙarfe, an auna ƙasa, an auna ruwa. Jikin mutane fa? Nan ne igiyar ta tsinke. Ƙarfe kana iya ɗora masa ma'auni a kasuwa ba tare da izinin kowa ba. Amma kafin ka ce aikin rami ya ƙara yawan sankarar huhu a tsakanin ma'aikata, sai ka san su wa suka yi aiki, shekara nawa, tiriri nawa kowanne ya sha, ina suka koma, me ya kashe waɗanda suka mutu. Waɗannan takardu ba a hannun ƙungiya suke ba, ba kuma a hannun baƙin masu bincike ba. Ga shi kuma a ƙauyukanmu mutum yakan rasu da safe a binne shi kafin azahar, ba takardar likita, ba wanda ya rubuta dalili. A 2009 Areva ta sa hannu a wata yarjejeniya da Sherpa don a kafa cibiyoyin sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata, aka buɗe ta yankin Agadas a ƙarshen 2011. A watan Disambar 2012 Sherpa ta janye, tana cewa an mayar da abin kwalliya, kuma har lokacin iyalan Faransawa biyu kawai aka biya diyya, ba ɗan Afirka ko ɗaya.

Ko Bafaranshen ma bai sha da sauƙi ba. Serge Venel ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya mutu da sankarar huhu a 2009. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva alhaki. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba, COMINAK ne, kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Nijar. Wannan mutum ne da ke da takardun asibiti da lauya da iyali masu iya bin shari'a shekara da shekaru. Sai mai karatu ya auna da lebura ɗan kwangila da ya koma Abalak ko Madawa da tarinsa.

Akwai wani abin da ya daɗe yana damuna. Me ya sa kiran ya tafi Valence bai tsaya Yamai ba? Ba don ba mu da masana ba. Jami'armu ta Yamai sunan masanin kimiyya take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, kuma tana da cibiyar nazarin irin waɗannan sinadarai. A ganina dalilin shi ne abin da na ce a riƙe ɗazu: gwamnati mai kaso ce a cikin ramin. Duk tan ɗin da aka fitar, akwai rabonta. Ɗan gari da ke neman wanda zai auna masa gaskiya yakan nemi wanda ba ya cin abinci daga tukunyar da ake tuhuma. Yanzu da SOMAÏR ya zama namu baki ɗaya, wannan matsala ba ta kau ba, ƙaruwa ma ta yi. Da, in an sami bututu mai tiriri a kasuwa, faɗar hakan kishin ƙasa ne, don baƙo ake tuhuma. Gobe in wani ya fito da ma'auninsa ya faɗi haka, ina tsoron kada a ce masa yana yi wa ƙasa zagon ƙasa. Radon kuwa bai san tuta ba.

A 2016 wata ƴar garin, Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ramin har ya yi ritaya, ta fitar da fim mai suna La Colère dans le vent, wato fushi a cikin iska. Ta zaunar da tsofaffin ma'aikata da matan gari suna ba da labarinsu da bakinsu, akasari da Hausa. Wanda bai karanta rahoton CRIIRAD ba, in ya kalli fim ɗin zai ga guguwar da ke taso wa garin wata da watanni, ya tuna daga ina take biyowa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. Dusar da ya bari ta kai kimanin tan miliyan 20, a fili mai faɗin kusan hekta 120, ƴan kilomitoci daga gidajen mutane. Shirin da aka tsara shi ne a lulluɓe ta da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu, a riƙa sa ido na wasu shekaru. Radiyom ɗin da ke cikinta sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa, shekara 75,000.